Sauraron kiɗan tsofaffin gem ta fayilolin NSF, SPC da VGM: tambayoyi da amsoshi

Wai waɗannan fayilolin ba MP3 ba ne kawai da aka canja wa suna?

A'a, ko kusa. MP3 rikodin ne, an riga an yi kiɗan an naɗe, naka kawai ka danna ka ji. Shi kuwa NSF ko SPC babu rikodin ɗin waƙar a ciki, abin da ke ciki umarni ne, wato ɗan guntun manhajar da ke cikin kaset ɗin gem ɗin wadda take gaya wa cip ɗin sauti ya buga kaza, ya riƙe kaza, ya rage murya a nan ya ƙara a can. In ka buɗe fayil ɗin, manhajar da ka buɗe shi da ita sai ta kwaikwayi na'urar ta asali, amma ɓangaren sauti kaɗai, ba hoto ba wasa, ta bi umarnin nan ta kaɗa maka kiɗan a take. Kamar bambancin a ba ka faifan makaɗi ne da a kawo maka makaɗin da gangarsa ya zauna ya kaɗa a gabanka.

Shi ya sa ba su da nauyi kenan?

Eh mana. MP3 na minti ɗaya a 128 kbps yana cin wajen 1 MB. SPC kuwa kowanne ɗan sama da 64 KB ne, ko waƙar minti ɗaya ce ko ta minti biyar, saboda iya girman ma'ajiyar sautin Super Nintendo kenan. NSF ma ya fi ban mamaki, sau da yawa kiɗan gem gaba ɗaya, tun daga na buɗewa har na in an kashe ka, yana cikin fayil ɗaya da bai kai nauyin hoto guda na waya ba.

Duk tsarinsu ɗaya ne, sunan ne kawai ya bambanta?

Ba ɗaya ba ne, kuma nan ne abin yake da daɗin sani. NSF na NES ne, na'urar Nintendo da ta fito a Japan a 1983 da sunan Famicom, kuma Kevin Horton ne ya tsara fomat ɗin. Don a samar da NSF sai wani ya zauna ya tona cikin gem ɗin, ya ciro ɓangaren da ke tafiyar da kiɗa ya raba shi da sauran, aiki ne na masu haƙuri sosai. GBS na Game Boy da SID na Commodore 64 duk wannan hanyar ce.

SPC daban yake. Super Nintendo, wadda ta fito a 1990, tana da wata 'yar kwamfuta ta sauti a cikinta mai zaman kanta, SPC700, kamfanin Sony ne ma ya ƙera ta, da muryoyi 8. To sai aka ga ai ba sai an sha wahalar tono ba, da zarar waƙa ta fara sai a kwafe duk abin da ke ma'ajiyar nan a daidai lokacin, a ajiye, shi ke nan an samu SPC. Dalili kenan da kowace waƙa take da fayil nata.

VGM kuma wata dabarar ce ta uku, ana barin gem ɗin yana tafiya a emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon na'urar, ana rubuta duk umarnin da aka aika wa cip ɗin sauti, ɗaya bayan ɗaya da lokacinsa. Da shi aka fi jin kiɗan Sega Mega Drive ta 1988 mai cip ɗin YM2612 na Yamaha, da na injinan aked da yawa, wato manyan injinan gem na shagunan wasa. Sai dangin PSF da Neill Corlett ya fara don PlayStation, daga baya aka yi USF na Nintendo 64, GSF na Game Boy Advance, 2SF na Nintendo DS. A nan ne sababbin shiga suke faɗawa rami, mutum ya ga ƙananan fayiloli masu suna minipsf da wani babba mai suna psflib, ya ce wannan babban ai ba waƙa ba ce ya goge shi, sai komai ya yi tsit. Kayan kiɗan duka a cikinsa suke, ka bar su a folda ɗaya.

Da me zan buɗe su?

A Windows mutane da yawa foobar2000 suke sa wa ƙarin da ke karanta su. A Linux akwai Audacious, a Android akwai ZXTune, VLC ma yana buɗe wasu kamar NSF da SPC. Yawancinsu a ƙarƙashi laburare ɗaya, wato guntun manhajar da ke karanta fayilolin, suke amfani da shi, Game_Music_Emu na Shay Green. In ka buɗe NSF ka ji waƙa ɗaya tak kar ka ɗauka ita kenan, nemi inda ake tsallakawa zuwa ta gaba a cikin fayil ɗin.

Me ya sa waƙar take ta maimaituwa, wani lokacin kuma ta yanke haka kawai?

Saboda ba a rubuta mata ƙarshe ba. Wanda ya tsara kiɗan bai san ko minti nawa za ka yi a mataki ɗaya ba, don haka in ta kai ƙarshe sai ta koma baya ta ci gaba, har sai ka ci ko an cinye ka. Masu tara fayilolin su ne suke sa tsawon lokaci da inda sauti zai dusashe, in ba a sa ba manhajar ta yanke da kanta bayan 'yan mintuna. Ana iya canjawa a saitin.

To in akwai waƙoƙin nan a YouTube, meye na wahala?

Gaskiya in ji kawai kake so ka wuce, YouTube ya ishe ka. Amma akwai abin da rikodin ba zai taɓa ba ka ba, kashe muryoyi ɗaya-ɗaya. Cip ɗin NES muryoyi 5 gare shi: biyu masu kaifi da ke ɗaukar waƙar, ɗaya mai taushi da ake yin bes da ita, ɗaya ta shuuu da ake yin ganga da ita, sai ɗaya ta guntayen sauti da aka naɗa. Ka kashe duka ka bar ta biyun kaɗai, a wasu waƙoƙin za ka ji ashe abin da ta farko take bugawa ita ma shi take bugawa, sai dai tana ɗan makara kuma muryarta ƙasa-ƙasa, wannan ne amsa-kuwwar da kake ji in an haɗa su, alhali na'urar ba ta da abin yin amsa-kuwwa. Muryar bes ɗin kuma ba a iya rage mata ƙarfi, ko ta yi ko ta yi shiru. A Commodore 64 ta 1982 muryoyi 3 ne kacal, shi ya sa za ka ji wani irin rrrr mai rawa, sautuka uku ne ake juyawa da mugun sauri a murya ɗaya don kunne ya ɗauka tare aka buga su. Ni dai a wurina wannan kaɗai ya isa dalili, nan kake ganin wayon mutanen.

Wani ƙarin kuma, a cikin gem in ka yi tsalle ko harbi sautin yakan ƙwace murya ɗaya daga kiɗan na ɗan lokaci, a nan kuwa waƙar cikakkiya kake ji.

Sautin daidai yake da na na'urar asali?

Kusa dai, wani lokacin kusa sosai, amma ita asalin ma ba guda ɗaya ba ce. Cip ɗin SID na Commodore 64 iri biyu ne, 6581 da 8580, kuma waƙa ɗaya tana fita daban a kowanne. Mega Drive ta farko da ta baya ba su da sauti ɗaya. Na'urorin Turai suna tafiya a 50 Hz, na Amurka da Japan a 60 Hz, don haka wanda ya taso da ta Turai zai iya jin waƙar ta yi masa sauri, ba laifin manhajar ba ne. Akwai kuma kaset ɗin da suke zuwa da nasu cip ɗin, misali Castlevania III na Japan yana da VRC6 na Konami mai ƙara muryoyi 3, na Amurka bai samu ba, in ka jera NSF biyun za ka ji na Japan ya fi cika baki nesa ba kusa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu kunna duk wani saitin gyara sauti a SPC wai don ya yi tas. Super Nintendo dama sautinta a ɗan lulluɓe yake, kuma masu kiɗan da wannan lulluɓin suka yi aikinsu, in ka cire shi wasu kayan kiɗan sai su koma suna sukan kunne.

Batun haƙƙin mallaka fa?

Tsufan gem bai cire masa mai shi ba. Abin da ke cikin fayilolin nan daga gem aka ciro, kuma haƙƙinsa na kamfanonin ne ko na masu kiɗan, ko da rumbuna irin su High Voltage SID Collection sun tara dubun-dubatar waƙoƙi tun shekarun 1990. Kar ka ɗauki kiɗan ka sa a bidiyon da kake neman kuɗi da shi ka ce ai tsohon abu ne. Sannan akwai masu yin sababbin waƙoƙi a NSF da manhaja irin FamiTracker, su kuma kowa da sharaɗin da ya sa wa nasa, ka duba kafin ka ɗauka.