Zubar jini daga kafar fitsari ta tiyata

Kafar fitsari ta tiyata, wadda likitoci ke kira sitoma daga kalmar Girkanci mai ma'anar baki, ƙofa ce da ake buɗewa a fatar ciki domin fitsari ya riƙa fitowa ta nan yana taruwa a jaka, bayan an cire mafitsara ko ta lalace yadda ba ta gyaruwa. Zubar jini na cikin abubuwan da suka fi tayar wa mai ita hankali. Akasarinsa ba shi da haɗari, amma akwai iri biyu da ke iya halaka mutum idan aka yi jinkiri.

Tarihi

A 1852 likitan tiyata John Simon ya juya fitsarin wani yaro zuwa babban hanji a Landan, kuma kusan shekara ɗari aka yi ana bin wannan hanya duk da cutar ƙoda da take jawowa, saboda ƙwayoyin cutar hanji na hawa zuwa sama. An ce wajen 1911 Zaayer, wani likita ɗan ƙasar Holand, ya gwada amfani da guntun ƙaramin hanji, amma Eugene Bricker ne ya kafa aikin a St. Louis ta Amurka a 1950. Ana yanko santimita 15 zuwa 20 daga ƙarshen ƙaramin hanji tare da jijiyoyin jininsa, a ɗinka bututun ƙodojin biyu a gefe ɗaya, a fito da ɗaya gefen ta fata, yawanci a hannun dama ƙasa da cibiya. Jakar da ke mannewa a fata ta zo a 1954, dabarar wata ma'aikaciyar jinya 'yar Denmak, Elise Sørensen, wadda ta ga wahalar da 'yar'uwarta ke sha bayan tiyatar hanji.

Ƙaramin zubar jini

Bakin kafar naman cikin hanji ne, ja kuma mai laima kamar cikin kunci, cike da ƙananan jijiyoyi, kuma ba ya jin zafi. Shi ya sa mutum kan ga ɗigon jini a audugar da ya goge wurin da ita alhali bai ji komai ba. Dannawa a hankali na 'yan mintuna kan tsayar da shi. Idan yana maimaituwa, a duba ko ramin jakar ya matse naman, ko kuma fitsari ya bar farin ƙwaya-ƙwaya kamar gishiri da ke kartar wurin, wanda ake narkarwa da ruwan khal da aka sirka da ruwa. Masu shan magungunan tsinka jini, irin su warfarin da asfirin, nasu ya fi daɗewa kafin ya tsaya.

Jinin da ke fitowa daga cikin kafar gauraye da fitsari daban ne. Yana iya nuna ƙwayoyin cuta, ko tsakuwa, ko dawowar sankara a bututun ƙoda, don haka bincike yake buƙata a asibiti.

Kumburin jijiyoyi a gefen kafa

Wannan shi ne babban abin da ya kamata a sani. Idan hanta ta taurare, jinin da ke tahowa daga hanji ba ya samun wucewa cikinta da sauƙi, sai ya nemi wata hanya, kuma inda aka ɗinke hanji da fata wuri ne da jijiyoyin ɓangarorin biyu suka haɗu. Fatar da ke kewaye da kafar kan yi shuɗi-shuɗi, da jijiyoyi a kumbure, sai wata rana wajen canza jaka jini ya ɓalle ba tare da ciwo ba, ya cika jakar cikin ɗan lokaci. Taimakon farko shi ne a danne wurin sosai da tsumma mai tsabta a garzaya asibiti. Ɗinke jijiyar ko toshe ta kan tsayar da jinin, amma sau da yawa yana dawowa muddin ba a rage matsin da ke cikin hanta ba, ko da magani irin su propranolol, ko da buɗe wa jinin hanya a cikin hantar, aikin da ake kira TIPS. Likitoci ba su daidaita ba kan wanda ya kamata a fara da shi.

Ɓulewar babbar jijiya

Ba kasafai ake gani ba: babbar jijiyar jini ta ƙugu ta ɓule cikin bututun ƙoda har jini ya riƙa kwararowa ta kafar, galibi bayan an gasa sankara da haske da kuma daɗewar robar da ake sakawa a bututun domin fitsari ya wuce, kuma ana toshe ta ne ta cikin jijiyar.

A ƙasar Hausa

Sankarar mafitsara da tsargiya ke haddasawa, da yoyon fitsarin da ya gagari gyara, su ne ke kai mutane ga irin wannan tiyata a arewacin Najeriya da Nijar, kodayake tsadar jaka da ƙarancinta kan sa likitoci su zaɓi juya fitsari zuwa babban hanji. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a yankin, kuma irin tsargiyar da ke kama hanji ita ma tana taurara hanta, saboda haka gwajin hanta kafin tiyatar abu ne da bai kamata a tsallake ba.