Kasuwar canji ta Legas

Kasuwar canji ta Legas, wadda ake kira kasuwar bayan fage, ita ce hada-hadar dala da fam da yuro da ake yi a wajen bankuna. Hausawa ne suka fi yawa a cikinta, musamman a Broad Street da Allen Avenue ta Ikeja. Ɗan canji yakan tsaya a bakin titi yana murza yatsu ga masu motoci, in an yi ciniki a shiga shago a ƙirga.

Tarihi

An fito da naira a 1973, kuma gwamnati ce ke yanke farashinta. A farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja a takarda, amma dalar sai mai lasisin shigo da kaya, lasisin kuma sai mai uwa a gindin murhu. Sauran 'yan kasuwa kan titi suka nufa. A Satumban 1986 gwamnatin Babangida ta fara gwanjon kuɗin waje a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, aka soke lasisin. Kafin ƙarshen 1987 dala ta kai wajen naira 4. A 1989 aka soma bai wa kamfanonin canji izini. Abacha ya ɗaure farashin gwamnati a naira 22 daga 1994, alhali a titi ana sayar da dala fiye da naira 80. Wanda ya samu a banki ya juya ta a titi ya yi arziki ba tare da ya shigo da ko allura ba.

Mahangar masu ra'ayin 'yancin kasuwa

Masu wannan ra'ayi, irin su Milton Friedman na Amurka wanda ya kare sakin farashin kuɗi tun 1953, suna ganin ƙayyade farashi ne ke haifar da kasuwar bayan fage. A wurinsu farashin titi shi ne na gaskiya, aikin Babban Banki kuwa ya rage buga kuɗi, ba kamen 'yan canji ba. Masu suka na cewa kasuwar ƙarama ce, 'yan ɓoye dala na iya juya ta.

Sauye-sauyen 2023 da 2024

A Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin canjinsa daban-daban wuri guda, a 2024 dala ta haura naira 1,500. A Maris ɗin 2024 aka soke lasisin kamfanonin canji 4,173.