Mai jegon da ba a zo wa barka ba

A yawancin gidajenmu, idan jariri ya zo ba rai, kafin uwar ta gama dawowa hayyacinta maza sun naɗe shi sun kai makwanci. Ba zaman makoki, ba suna. Mata su leƙo su ce, "Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya kawo rayayye," tsofaffi su ƙara da cewa idan ruwa ya zube ya bar tulu ai an gode Allah. Addu'a ce mai kyau, kuma tsirar uwa abin godiya ne. Sai dai jikinta bai san jaririn ya tafi ba. Kwana biyu zuwa uku nono zai kawo ruwa, ya yi tauri, ya riƙa jiƙa mata riga cikin dare, ga akwatin kayan jariri a gefen gado, ga kwalli da hoda da ta saya tun ciki na wata bakwai. A lokacin masu jaje duk sun watse.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ɗakin awo da haihuwa na wani ƙaramin asibiti, kuma na hau wannan gadon. Ɗana ya zo ba rai bayan ciki ya tsufa, daga nan kuma Allah bai sake ba ni wani ba. Kullum da safe ina karɓar 'ya'yan wasu in miƙa wa iyayensu, wata rana kuma in zauna da wadda za ta koma gida hannu rabbana. Daga abin da na sha da abin da nake gani nake wannan magana.

Abin ya fi yadda muke zato yawa. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2020 ya ce jarirai kusan miliyan 2 ake haifa ba rai duk shekara, wato ɗaya a kowace daƙiƙa 16, kuma Nijeriya na cikin ƙasashe shida da suka kwashe kusan rabin adadin. Fiye da kashi 40 cikin 100 a lokacin naƙuda suke rasuwa. Ma'ana, da ransu aka fara naƙudar. Doguwar naƙuda a gida, jiran maigida ya dawo ya ba da izini, neman mota da tsakar dare, duk suna cikin wannan lissafi.

Wadda ta rasa jariri mai jego ce cikakkiya, kuma kulawar mai jego take buƙata. Ta sa rigar mama mai ɗan kamawa, ta riƙa ɗora tsumma mai sanyi a nonon, kada ta tatse sai ɗan abin da zai rage mata zafi, domin yawan tatsa ƙara kawo ruwa yake yi. Akwai maganin tsayar da ruwan nono, amma ma'aikacin lafiya ne zai rubuta shi. In ta fara zazzaɓi, ko jini ya yi wari, ko yana zuba da yawa, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko haki da kumburin ƙafa, a kai ta asibiti a ranar. Hawan jinin da ya kashe jaririn bai tafi don an binne shi ba, yana iya jawo jijjiga bayan haihuwa. A kuma yi hattara da kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta, domin tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da alaƙarsu da ciwon zuciyar masu jego. Idan ta yi arba'in ta dawo a duba ta. Mafi yawa ba sa dawowa. Suna ganin tunda ba goyo, ba rigakafi, me za su zo yi? To wannan zuwan shi ne wanda za a zauna a bincika dalili.

Iyayenmu suna da sunan matar da 'ya'yanta ke mutuwa a jere, su ce mai wabi ce, in ta sake haihuwa a kira yaron Ajuji ko Ayashe ko zai tsaya. Ban raina su ba, da abin da suka sani suka yi aiki. Amma yau da yawa daga cikin abin da ake kira wabi ana gano shi da gwajin jini. Akwai matar da rukunin jininta yake "negetif" na mijin "fozitif". Idan ba a yi mata allurar Anti-D cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari ba, jininta kan iya yaƙar cikin da zai biyo baya. Akwai tunjere, ciwon da ake ɗauka ta hanyar saduwa, wanda kan ɓoye a jiki ba alama yana kashe ɗan tayi, alhali allurar fenisilin na maganinsa idan an yi wa mata da miji. Akwai ciwon suga, hawan jini, da zazzaɓin cizon sauro, wanda saboda shi muke ba masu ciki Fansida a wurin awo wata-wata daga wata na huɗu. Yaran da ke rasuwa suna ƙanana kuwa, sai a duba ko sikila ce. Wani lokaci a yi duk gwajin ba a ga komai ba. Wannan ma amsa ce, don aƙalla za ta daina tuhumar kanta cewa dakan da ta yi ne ko ɗiban ruwa.

Sai ɗaya ciwon, na jiran ciki shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida kan fuskanci matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Mutum ta ce, ba mace ba. A kusan rabin ma'auratan da ake dubawa, akwai hannun matsalar namiji. Amma wa ake kira juya? Wa ake yi wa habaicin ci da cika masai? Wa ake bankawa jiƙe-jiƙe da matsi har gabanta ya ƙone? Ƙa'idar ita ce, idan an shekara ana tare ba ciki, ko wata shida in matar ta haura shekara 35, su zo su biyu. Gwajin maniyyi ya fi kusan duk gwaje-gwajen mace sauƙi da araha, ba allura, ba yanka. Malam, cewa "ai ina da 'ya'ya da uwargida" ba ya rufe maganar, domin ciwon sanyi, suga da shekaru suna canza namiji. Ita kuma macen da ta taɓa haihuwa ko ɓari sannan ciki ya tsaya, sau da yawa ƙwayoyin cuta ne suka shiga a lokacin suka toshe hanyar ƙwai, kuma hoto na nuna hakan. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da ɓangaren da ke duba wannan. Ku bar sayen ƙwayar "saukar da ƙwai" a kemis don wata ta ce ta yi mata aiki.

Game da jaje, abin da ya fi yi mini ciwo a lokacina shi ne "daina kuka, kina ja da ikon Allah ne?" Manzon Allah (SAW) da kansa ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ke barin duniya, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da ya yardar da Ubangijinmu. To ku bar ta ta yi kukanta. Inna, Yaya, kada ku kwashe kayan jariri ku ɓoye ba tare da an tambaye ta ba. Wata so take a kawar, wata so take ta ninke su da hannunta. In tana son ganin fuskar ɗanta kafin a fita da shi, a nuna mata. Na sha zama da matan da shekaru suka wuce suna tambayar da wa ya yi kama. Kada a tilasta mata zuwa sunan maƙwabta sati biyu bayan rashinta don gudun a ce tana baƙin ciki. Shi ma uban a tambaye shi ya haƙuri da gaske, shi ne fa ya ɗauki gawar a hannunsa ya dawo ya ci gaba da amsa gaisuwa kamar ba komai. Idan aka wuce sati biyu ba ta barci, ba ta ci, ba ta wanka, ko tana cewa gara ta bi shi, wannan ya wuce a ce ta yi haƙuri. Ciwon damuwa ne, yana da magani, a kawo ta.

Mu da muka sha wannan ɗacin kuma muke tsaya wa wasu, mata kan saki jiki da mu fiye da kowa, amma akwai tarko. Labarinki zai riƙa yunƙurin fitowa kafin nata. Ni nakan riƙe nawa sai ta tambaya, in ma ta tambaya in gajarta, domin ranar tata ce. Akwai kuma ranakun da ba na iyawa, musamman idan watan da na haihu ya zagayo. Sai in ce wa abokiyar aikina, "Sista, karɓar mini wannan," in koma wajen rubuta kati. Ba gazawa ba ce. Kowace mai irin wannan aiki ta nemi mutum ɗaya da ita ma za ta riƙa sauke wa nata nauyin.

Wadda Allah ya sake ba ciki bayan rashi, ta fara awo da zarar ta ga ɓatan wata, kada ta jira ciki ya fito. Ta zo da tsohon katinta, ta faɗa mana duk abin da ya faru a wancan karon, har wanda take jin nauyin faɗa. A tsara tun wuri inda za ta haihu, da motar da za ta kai ta, da wanda zai ba da jini in an buƙata, maigida kuma ya ba da izininsa tun yanzu ko da ranar ba ya gari. Idan ciki ya tsufa ta ji motsi ya ragu ko ya canza, kada a ce mata yaron barci yake yi ko ciki ne ya kwanta. Ta zo a saurari bugun zuciyarsa a ranar, ko da dare ne.