Haki daban, sarƙewar numfashi daban

Tsakanin Safa da Marwa na ga wani dattijo ya jingina da bango, ƙirjinsa na hawa da sauka, haraminsa ya jiƙe sharkaf. Jikansa ya rikice yana cewa numfashin Baba zai ɗauke. Tsohon ya ɗaga masa hannu: "Haki ne, ɗan nan. Bar ni in numfasa." Kuma gaskiyarsa. Sawu 7 na sa'ayi, zuwa ɗaya dawowa ɗaya, sun kai kusan kilomita 3, ga sassarfar da maza ke yi a ƙarƙashin koren fitilu. Bayan 'yan mintoci ya miƙe.

Mu da ke zaune a Makka muna jin waɗannan kalmomi kullum a bakin alhazai, kuma yana damuna yadda yaranmu da aka haifa a nan suka dunƙule su duka a kalma ɗaya ta Larabci, tanaffus.

Numfashi, ko lumfashi a bakin wasu, shi ne uwa: shigar iska huhu da fitarta, sau 12 zuwa 20 a minti ga baligi da ke zaune lafiya. Daga gare shi aka sami numfasawa, wato ɗan hutu. "Bai bar ni na numfasa ba" kukan wanda aka matsa wa lamba ne. Haki kuwa numfashin gajiya ne, sauri-sauri, baki buɗe. Yana da dalili a fili, gudu ko kaya ko hawan tudu, kuma hutu ke maganinsa.

Sarƙewa ba haka take ba. Mutum na zaune, bai ɗauki komai ba, amma iska ta ƙi wucewa. Ba ya iya ƙarasa magana sai ya yanke ta, wani lokaci ƙirji na fito kamar na mai fuka, leɓe ya sauya launi. Nan ne Bahaushe ke cewa numfashi ya koma sama-sama. Wannan ba a yi masa fifita a jira. A kira motar asibiti ta Hilal Ahmar a 997, a ce wa likita "diƙ tanaffus", wato sarƙewar numfashi da Larabci, zai gane nan take. Na sha tsayawa tafinta, na ga Hajiya ta ce haki take yi don kada ta tayar wa 'ya'yanta hankali, alhali sarƙewa ce. Shi ya sa nake sake tambaya: "Mama, kin yi tafiya ne, ko a zaune ya same ki?"

Sauran kalmomin sun fi kusa da zuciya. Nishi na mai ciwo ne da mai naƙuda. Huci na maciji ne da mai fushi, har a ce wane ya shaƙa, sai an ba shi baki ya huce. Ajiyar zuciya kuwa, duk wanda ya taɓa raka baƙo ganin Ka'aba karon farko ya ji ta.

Akwai kuma gargara, numfashin ƙarshe a maƙogwaro, wadda hadisi ya ce ana karɓar tuban bawa muddin bai kai gare ta ba. Ita kam ko sunanta ba mu cika kamawa ba. Sai dai mu ce wane ya cika.

Dattijon nan da ya gama sa'ayinsa, na miƙa masa zamzam. Ya yi bisimilla, ya sha a numfashi uku, kowane karo yana janye kofin daga bakinsa.