Honda Pilot: zubi na huɗu da abokan gogayyarta

Honda Pilot mota ce ƙirar jif mai layin kujeru uku, wadda kamfanin Honda na ƙasar Japan yake ƙerawa tun shekarar 2002, musamman domin kasuwar Amurka da Kanada. Tana ɗaukar mutum bakwai ko takwas, gwargwadon tsarin kujerun tsakiya, kuma ita ce mafi girma a jerin jif-jif na kamfanin. An sake mata fasali gaba ɗaya har sau uku. Zubi na huɗu ya bayyana a watan Nuwamba na 2022 a matsayin samfurin 2023, domin al'adar kasuwar Amurka ce a laƙaba wa mota shekarar da ke tafe. A garin Lincoln na jihar Alabama ake harhaɗa ta. Masu sharhi sun fi yabonta kan faɗin ciki da tsarin kujeru, sun fi sukarta kan shan mai.

Asali

A shekarun 1990 manyan jif ɗin Amurka kusan duk a kan shasin motar ɗaukar kaya ake ɗora su. Ford Explorer, wadda ta fito a 1990, ita ce ta ja ragamar wannan yayi. Irin waɗannan motoci suna da ƙarfi da juriya, amma suna da nauyi, suna jijjiga fasinja, kuma tsayinsu ya sa ake yawan maganar kifewa, musamman bayan rikicin tayoyin Firestone na shekarar 2000. Honda ba ta da irin wannan shasi. Abin da ta yi shi ne aron mota: daga 1993 zuwa 2002 tana sayar da Passport, wadda a zahiri Isuzu Rodeo ce aka manna mata tambarin Honda, ana ƙera ta a Lafayette ta jihar Indiana.

Mafita ta zo ne daga wani ɓangare na dabam. Kamfanin yana da Odyssey, ƙaramar bas ta iyali irin Sienna, wadda bodinta da shasinta a haɗe suke kamar na ƙaramar mota. A kan wannan tushe aka gina Acura MDX, jif ɗin sashen motocin alfarma na Honda, a 2000, sannan Pilot ta biyo baya bayan shekara biyu. Toyota ma a daidai lokacin ta bi wannan hanya da Highlander, wadda aka gina a kan tushen Camry, sai dai ba ta samu layi na uku ba sai a samfurin 2004. Dalilin cinikin a bayyane yake. Iyalai da yawa a Amurka suna buƙatar wurin zama irin na bas, amma ba sa son a gan su a bas. Duk muhawarar da ake yi kan fasalin Pilot tun daga lokacin, a kan wannan take juyawa.

Zubi uku na farko

Zubi na farko, samfurin 2003 zuwa 2008, ya fara fitowa ne daga masana'antar Alliston a lardin Ontariyo na Kanada, kafin wajen 2004 masana'antar Lincoln ta shiga aikin, daga baya kuma ta karɓe shi baki ɗaya. Injinta mai silinda shida ne, lita 3.5, mai ƙarfin doki 240, da giya biyar mai sarrafa kanta. Da farko duk wadda aka ƙera tana ja da ƙafa huɗu. Sai a gyaran fuska na 2006 aka kawo mai ja da ƙafafun gaba kaɗai. Kujeru takwas a motar da ba ta kai manyan jif ɗin Amurka girma ba shi ne abin da ya sayar da ita, kuma mujallar Car and Driver ta zaɓe ta gwarzuwar ajinta shekaru da dama a jere. A ƙasashen Gabas ta Tsakiya an sayar da ita da sunan MR-V. Ba ta tsira daga matsala ba: a 2004 kamfanin ya kira motocin farko su dawo a gyara domin giya ta biyu tana ɗaukar zafi, aka ƙara mata bututun da ke watsa mata mai.

Zubi na biyu, 2009 zuwa 2015, ya zo da fasali mai kusurwa, gaba a miƙe, baya a miƙe, kamar akwatin ƙarfe. Wasu sun so shi, wasu sun ce fuskar ta yi muni, har aka sassauta ta a 2012. Ƙarfin injin ya kai doki 250. An kuma faɗaɗa amfani da tsarin da ke kashe wasu silindoji idan mota tana tafiya a natse domin rage shan mai. Wannan tsari ya jawo ƙorafi kan lalacewar fulogi da tsallen inji, kuma a wajen 2013 aka sasanta wata ƙarar haɗin gwiwa da ta shafi wasu motocin Honda masu wannan inji, har da Pilot. Duk da haka fasalin akwatin ya ba da abin da iyali ke nema, wato rufi mai tsawo har baya da gilasai manya da direba ke ganin ko'ina.

Zubi na uku an baje shi a bikin motoci na Cikago a Fabrairun 2015. Nan Honda ta juya gaba ɗaya: ta goge kusurwoyi, ta kwantar da gaba, ta rage nauyi da kusan kilo 130, ta ɗaga ƙarfin injin zuwa doki 280. A awo, mota ce da ta fi ta baya ta fuskoki da dama. A ido kuwa, sai jama'a suka ce ai bas ɗin da suke gudu ce ta dawo. Samfuran sama sun zo da giya tara ta kamfanin ZF na Jamus, wadda direbobi suka yi ta kukan tana fizga a ƙaramin gudu. Akwai kuma wani ɗan abu da ya tayar da ƙura fiye da girmansa: an cire maɓallin murɗa sautin rediyo, aka mayar da shi cikin allon taɓawa. Direban da ke kan babbar hanya sai ya ɗauke ido ya nemi wurin shafawa da yatsa. A gyaran 2019 aka dawo da maɓallin, aka kuma sake saita giyar. A wannan shekara ce aka farfaɗo da sunan Passport, a matsayin gajeriyar Pilot mai layi biyu.

Zubi na huɗu

Da sabon zubin, kusurwoyi suka dawo. Gaban ya miƙe, bonet ya ƙara tsawo, kuma an rubuta sunan motar da manyan haruffa a ƙofar baya. Tsawonta ya kai kimanin mita 5.08, tazarar tayoyin gaba da na baya kuma mita 2.89. Injin har yanzu lita 3.5 ne mai silinda shida ba tare da turbo ba, amma an sake masa kai, ya bar tsarin sarrafa bawul na VTEC da aka san Honda da shi, ya kuma tashi zuwa doki 285. Giya goma ce, ƙirar Honda da kanta. Mai ja da ƙafa huɗu tana iya jan tirela mai nauyin kusan kilo 2,270.

Abin da aka fi tallatawa shi ne samfurin TrailSport, mai tayoyin shiga jeji, da farantan ƙarfe da ke kare inji da tankin mai daga duwatsu, da ƙarin tsayi daga ƙasa zuwa kusan santimita 21. Masu gwaji sun yarda tana iya laka da hanyar burji fiye da yadda aka saba gani a ajinta, sun kuma yarda cewa mafi yawan masu sayenta daga makarantar yara sai kanti.

Abin da ya fi amfani a rayuwar yau da gobe bai yi suna kamar haka ba. A wasu samfuran, kujerar tsakiya ta layi na biyu tana cirewa. Mutum zai ja madauri, ya ɗaga ta, ya zagaya baya, ya buɗe murfin da ke ƙasan but, ya kwantar da ita a ramin da aka yi mata daidai, ya rufe. Da safe motar tana da kujeru bakwai da hanyar da yara za su bi ta tsakiya su wuce baya. Da yamma idan an samu ƙarin fasinja, sai a fito da kujerar a mayar. A mafi yawan sauran motocin ajin, mai saye tun a wurin dillali yake zaɓar adadin kujeru, kuma a haka zai zauna.

Abokan gogayya

Kasuwar da wannan zubi ya tarar ba irin ta 2002 ba ce. Kia Telluride, wadda ake ƙerawa a West Point ta jihar Jojiya tun 2019, ta riga ta canza abin da masu saye ke tsammani. Ta zo da inji lita 3.8 mai doki 291 da ciki mai kama da na motocin alfarma a farashi matsakaici, kuma a 2020 ta lashe kambun motar shekara ta duniya da na jif ɗin shekara na Arewacin Amurka. 'Yar uwarta Hyundai Palisade, da ake yi a Ulsan ta Koriya ta Kudu, tushensu ɗaya. Dukansu suna ba mai sayen farko garantin inji da giya na shekara 10 ko mil 100,000, alhali na Honda shekara 5 ne ko mil 60,000.

Toyota kuwa da motoci biyu take fafatawa. Highlander ta yau da kullum an daɗe ana sukar layinta na uku, inda wurin miƙe ƙafa bai wuce santimita 71 ba, kuma a samfurin 2023 ta ajiye silinda shida ta koma huɗu mai turbo. Domin toshe wannan giɓi aka fito da Grand Highlander a Fabrairun 2023, daga masana'antar Princeton ta Indiana. Layinta na uku yana da kusan santimita 85, na Pilot kusan 82, na Telluride ta farko kusan 80. A bayan layi na uku Pilot tana da wurin kaya kimanin lita 527, Grand Highlander 583, Telluride ta farko kusan 595.

Mazda CX-90 ta bi wata hanya, da inji mai silinda shida a jere da tuƙi mai daɗi, amma bayanta a matse yake. Chevrolet Traverse ta 2024 ta fi yawancinsu faɗi. Akwai kuma Ford Explorer, da Nissan Pathfinder, da Volkswagen Atlas, da Subaru Ascent.

Ra'ayoyi

Inda aka fi samun daidaiton baki shi ne cewa Pilot ta huɗu ta fi ta uku kyau da natsuwa a hanya, giyarta ta fi laushi, kuma maɓallan sanyaya ɗaki da na sauti na hannu ne da mutum zai laluba ba tare da ya duba ba. Wuraren ajiye kofi da waya da tarkacen yara sun samu yabo. Wasu masu saye suna zaɓarta ne saboda injin da babu turbo, bisa ra'ayin cewa ya fi sauƙin riƙewa idan mota ta tsufa. Ko hakan gaskiya ne, ba a daidaita ba.

Babbar sukar ita ce rashin samfurin da ke haɗa fetur da lantarki. A ƙididdigar hukumar kare muhalli ta Amurka, Pilot mai ja da ƙafafun gaba tana yin kusan kilomita 9 da ɗoriya a lita ɗaya idan an haɗa tafiyar gari da ta babbar hanya, TrailSport kuma ƙasa da haka. Grand Highlander mai haɗin batir da ke ja da ƙafafun gaba tana haura kilomita 15. Da Palisade ta biyu ta fito da irin wannan inji, sukar ta ƙara ƙarfi. An kuma ce allon gaba na samfuran farko, inci 7 ko 9, ya yi ƙanƙanta, kuma kayan cikin ba su kai na motocin Koriya ƙyalli ba. A gwaje-gwajen kwatantawa na mujallu Pilot takan zo a sahun gaba, amma ba kasafai take zama ta ɗaya ba. Masu kare ta suna cewa irin wannan gwaji na mako guda ne, riƙon mota kuwa na shekaru ne.

A 2025 Honda ta kira samfuran 2023 zuwa 2025 sau biyu a Amurka, kan manhajar da ke sarrafa shigar mai cikin inji da kuma kan fedar birki.

A Najeriya

Da yake sitiyarinta a hagu yake, Pilot ta dace da hanyoyin Najeriya da Nijar, kuma galibi tana shigowa ne a matsayin gwanjo daga Amurka da Kanada, ta tashar Legas ko ta Kwatano. Zubi na farko da na biyu su aka fi gani. A wurin dillalai Highlander ta fi ta daraja, saboda yalwar kayan gyaran Toyota da sabon da kanikawa suka yi da ita. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, batun shan mai ya ƙara nauyi ga duk mota mai silinda shida. Zubi na farko da na biyu suna cikin motocin da kiran gyaran jakar iska ta kariyar haɗari, ƙirar kamfanin Takata, ya shafa, kuma a Fabrairun 2023 Honda ta gargaɗi masu samfurin 2003 da ba a canza wa jakar ba da su daina tuƙa motar har sai an gyara. Ana iya duba ko an yi wa mota wannan gyara ta hanyar shigar da lambar shasinta mai alamomi 17 a shafin hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka.