Sa ido da auna sakamako a harkar zirga-zirgar birni, me ake nufi?

Masu aiki da ƙungiyoyi da ma'aikatun tsare-tsare kullum zaka ji suna M&E M&E, toh yanzu maganar ta shigo harkar sufurin cikin gari ma. Abu biyu ne aka haɗa a wannan gajeren suna na Turanci, wato sa ido da auna sakamako. Sa ido shine bibiyar aiki tun yana tafiya, wata-wata ko shekara-shekara, bas nawa suka fito yau, fasinja nawa suka ɗauka, an gama titin ko ɗan kwangila ya kwashe kayansa ya yi gaba. Auna sakamako kuma sai an ɗan jima ake yinsa, a zauna a tambaya wai abinda aka kashe kuɗin nan dominsa ya samu kuwa, in bai samu ba me ya hana.

A 2013 Tarayyar Turai ta fito da tsarin da suke kira SUMP, shirin zirga-zirgar birni mai ɗorewa, wanda yake fara duba mai tafiya a ƙafa da mai keke da mai shiga bas kafin mai motar kansa, kuma a ciki akwai sharaɗin cewa tun kafin a kafa tubali ɗaya a zaɓi abubuwan da za'a riƙa aunawa, a rubuta yadda suke a yau. Nan ne wurin da ake yawan tsallakewa. In baka san minti nawa mutum yake yi daga gida zuwa kasuwa kafin aikin ba, da me zaka gwada bayan aikin?

Ma'aunan ba wasu masu wahala bane fa, lokacin da tafiya take ci, kuɗin mota nawa yake cinyewa a albashi, mutum nawa suka rasu a hatsari, hayaƙin da ke cikin iska, da kashi nawa na jama'a ke tafiya a ƙafa ko bas ko motar gida.

Dubi abinda birnin Stockholm na ƙasar Suwidin ya yi. Sun so su sa harajin shiga tsakiyar gari don rage gosulo, mutane da yawa basa so, sai aka yi gwaji daga Janairu zuwa Yulin 2006 ana ƙirga motoci a mashigun gari, motocin suka ragu da kusan kashi 20 cikin 100, da aka dakatar da harajin kuma cunkoso ya fara dawowa, kowa ya gani da idonsa. Aka yi ƙuri'ar raba gardama a Satumba, mazauna birnin suka amince, a Agustan 2007 ya zama na dindindin.

Mu a nan abinda muka fi ƙirgawa shine gadar sama nawa aka gina da mota nawa aka raba, ranar yanke ƙyalle a ɗau hoto shikenan. Wannan lissafin kayan da aka saya ne kawai. Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, A Daidaita Sahu suka cika gari, tambayar da mai auna sakamako zai yi itace hatsari ya ragu ne, kuɗin zuwa Kwari ko Sabon Gari ya ƙaru ne, matar da take tsaye bakin titi da goyo da ƙunshin kaya minti nawa take jira kafin ta samu abin hawa. Kuma bai kamata wanda ya yi aikin shi zai ba kansa maki ba, jami'a ko wasu masu zaman kansu ya kamata a ba, su kuma fitar da alƙaluman kowa ya gani.