Waiwaye: Yadda Kuza Ta Tsara Zama da Aiki a Jos

Tun kafin Bature ya hau tsaunukan Filato, kuza tana da kasuwarta. Mutanen Riruwai ta ƙasar Kano da na Riruwen Dalma ta ƙasar Bauchi suna wanke ta daga yashin rafi, su narka, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su yi gaba da ita. Irin waɗannan tsinkayen ne suka faɗa hannun ma'aikatan Kamfanin Neja, kamfanin kasuwanci na Turawan Ingila, a kantunansu na bakin Binuwai, suka shiga cigiyar inda ake samo su. A 1902 kamfanin ya tura George Nicolaus bincike, sai H. W. Laws ya biyo baya a 1903 da rakiyar sojoji, kafin 1904 ta ƙare ya kafa sansani a Naraguta. Daga wannan sansani labarin Jos ta yau ya fara.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, ba don sarauta ko kasuwa aka zaɓi wurin ba. Inda kuza ta kwanta nan aka sauke kaya. Shi ya sa garuruwan yankin suka jeru a kan rafuka da tsofaffin magudanan ruwa: Bukuru, Rayfield, Barikin Ladi, Bisichi, Gana Ropp. Kowanne ya soma ne a matsayin barikin leburori, daga baya mahauta da masu tuwo da teloli da malamai suka biyo su.

Kafin a dasa diga, sai da aka gama da dokar mallaka. Turawan mulki sun ayyana cewa duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, ita ke ba kamfani lasisi. Kamfanin Neja kuma, lokacin da ya miƙa mulki a 1900, an yi masa alkawarin rabin kuɗin da gwamnati za ta karɓa kan ma'adinai a babban yanki na Arewa har shekara 99. Manomin Birom da ya gaji gonar accarsa daga kakanni ba ya cikin wannan ciniki. Idan aka zo aka kafa tuta a gonarsa, abin da yake samu bai wuce ɗan diyyar amfanin da ke tsaye ba, ƙasar kuwa an juye ta ciki waje, ba ta ƙara nomuwa. Su ma masu narka kuza na gargajiya an matse su har sana'ar ta mutu. A ganina wannan shi ne babban zaluncin zamanin, kuma shi aka fi mantawa da shi idan ana ba da tarihin garin.

Aikin kansa na ƙarfi ne. Mutum ya shiga rami da diga da shebur, wani ya ɗauki kwanon ƙasa a ka ya kai wurin wanki, ruwa ya tafi da laka, baƙin yashi mai nauyi ya zauna. Da farko Birom da Anaguta da Afizere, 'yan asalin yankin, ba su yi sha'awar wannan aiki ba, suna da gonakinsu, kuma sun ga irin yadda baƙin suka shigo. Sai kamfanoni suka dogara da mutanen nesa: Hausawa, Barebari, da waɗanda suka tsallako daga ƙasashen da Faransa ke mulki suna gudun haraji da aikin tilas. Akasarinsu 'yan cin rani ne. Da an gama girbi barikoki su cika, da hadari ya haɗo kowa ya tuna gonarsa. Harajin kuɗi ne ya tura 'yan ƙasa cikin ramuka daga baya, har da mata da yara masu ɗaukar kwano. Akawu da makanikai da kafintoci kuwa galibi daga Kudu suka zo, wasu daga Gana da Saliyo, Bature yana sama yana ba da umarni. Yadda aka raba aiki haka aka raba unguwanni: Turawa a nasu wuri mai iska da furanni, ma'aikatan ofis a nasu, talakawa a cikin gari ƙarƙashin En'e.

Fitar da kuzar ma wani aiki ne. A shekarun farko 'yan dako ke ɗaukar ta a ka har Loko, bakin Binuwai, tafiyar kwanaki. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Jos da Bukuru a 1914, babban layi daga Fatakwal ya zo a 1927. Da injuna suka yawaita aka waiwayi ruwan da ke gangarowa daga tsauni, aka kafa tashar lantarki a Kurra, wadda kamfanin NESCO ya riƙe. Itatuwan tudun sun tafi a girki da jin ɗumi, abinci kuma sai an kawo daga wasu larduna, domin bakin da ke ci ya fi ƙarfin gonar da ta rage.

Lokaci mafi muni shi ne na Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, ta juyo kan Filato. Aka ɗora wa sarakuna adadin mutanen da kowace ƙasa za ta kawo, dagatai suka bi gida-gida. Wannan shi ne diban gwamna da tsofaffi ke faɗa. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi mutum kusan dubu ɗari. Manomin da ya saba da zafin Sakkwato ko Katsina aka kai shi tudu mai sanyi, ya wuni tsaye cikin ruwa, ya kwana a bukka ba isasshen bargo ba isasshen hatsi. Da yawa ciwon ƙirji ya kashe su, da yawa suka gudu. A 1943 aka haƙo kuzar da ba a taɓa haƙo irinta ba a tarihin Nijeriya, amma da wannan farashi.

A cikin ramukan kuza ne aka tono gumakan yumɓu na Nok, waɗanda suka sa aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952.

Bayan yaƙi an ɗan sha daɗin kasuwar kolombait, wani ma'adini da ake samu tare da kuza, aka gina matatar narka kuza a Makeri a farkon shekarun 1960. Daga nan sai koma baya: kuzar sama-sama ta ƙare, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, farashi ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Kamfanoni suka tafi suka bar ɗaruruwan kududdufai da tsibin ƙasa. Wasu ana noman rani a bakinsu, wasu suna cin rayukan yara da dabbobi. Matasa kuma har yau suna haƙa ramukan loto da hannu, ƙasa tana ruftawa da su.

Kamfanonin suka kuma bar jama'a biyu, kowacce da hujjarta. Jikokin leburori da 'yan kasuwa suna cewa kakanninsu ne suka gina garin, ba su san wani gida ba. Birom da Anaguta da Afizere suna cewa a kan ƙasarsu aka gina shi ba da shawararsu ba. Duka maganganun biyu gaskiya ne, kuma babu ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu da ya zauna a teburin da aka rubuta lasisi. Naɗa Rwang Pam sarkin Birom a 1947 (daga baya ya zama sarkin Jos), ƙirƙirar ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, da zubar da jinin Satumbar 2001, duk a kan wannan tushe suka faru. Dokar da ta raba manomi da abin da ke ƙarƙashin gonarsa kuwa tana nan daram: sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya bar duk ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya.